Tsakar Gidan Da Sanda Ya Rufe

Sanda ƙanena ne, ciki ɗaya, ni ya bi. Ni Hansai ni na goya shi a Kurmin Mashi tun majina na zubo masa har baki, saboda haka in na faɗi halinsa babu wanda zai ce mini ƙarya nake yi. Mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Amma in ya ƙulla abu a ransa, wallahi gara mutum ya je ya yi wa turmi magana.

Tun yana yaro akwai shi da son kulle abu. Ya taɓa kiwon tattabaru a bayan ɗakin Innarmu. Ranar da shirwa ta sure guda a kan idonsa, ya yi kuka har ya ƙi cin tuwo, washegari kuma ya kwaɓa laka ya toshe bakin akurkin, ya bar 'yar kafar da zai riƙa zuba musu dawa da ruwa. Sai da Baba ya gaji ya fasa akurkin da kansa, lokacin wasu ko tashi ba sa iya yi. Muka yi ta yi masa tsiya, muna ce masa mai gadin tattabaru, ba mu ɗauki abin a bakin komai ba.

Da ya gama sakandare ya samu aiki a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, aka ba shi riƙon sito. Kai, wanda ya ba shi wannan aikin ya san mutum! Shekara da shekaru ko tsintsiya ba ta ɓace a hannunsa ba. Kafin ka gan shi za ka ji shi, makullai na ta kacau-kacau a aljihun kaftani. Ni na nemo masa mata, Mariya, 'yar maƙwabtanmu a Badarawa inda nake aure, yarinya mai fara'a da son hira. Suka yi zaman haya, yana ta lallaɓawa har ya samu fili a Katabu, can gaba da Kawo a hanyar Zariya, ya gina gida.

Gidan nan ya yi mini. Ɗakuna a jere, ga tsakar gida fetal, ya dasa mangwaro a tsakiya. Da hantsi Mariya za ta baza tabarma ta shanya kuɓewa da tattasai, igiyar shanya cike da wanki, ɗansu na fari Salim yana bin kaji da gudu babu ko wando. In na je yini ba na son tahowa.

Salim bai kai shiga firamare ba aka sace shi. Bayan la'asar ne, ya fita ƙofar gida sayen alawa wurin mai tebur, ga teburin nan ana hango shi daga zaure. Mai tebur ya ce ya ba shi alawar, ya ga ya juya. Shi ke nan. Babu inda ba mu je ba: caji ofis, asibitoci, tashar Kawo, gidan rediyo aka yi ta cigiya, masallatai aka yi ta addu'a. Sanda ya bi ƙauyukan hanyar Zariya da hoton yaron a hannu har takalminsa ya tsinke. Babu wanda ya bugo waya ya ce yana hannunsa, babu gawar da muka wanke muka binne muka haƙura. Har yau ɗin nan da nake magana ba mu san ko yana raye ba.

Daga nan ƙanena ya koma wani mutum daban. Ya ƙara tsawon katanga, ya sa mata waya mai ƙaya. Ya cire ƙofar katako ya sa ta ƙarfe mai kauri, wadda ko ƙarti biyu ba za su iya ɗagawa ba. Duk muka ce ba laifi, wanda abin ya taɓa dole ya ji tsoro. Sai wata rana a majalisa wani mai dogon baki ya ce ai masu satar yara yanzu ta katanga suke dirowa. Sanda na zaune a wurin, ya ji. Satin bai ƙare ba ya sare mangwaron, ya kira Nazifi kafinta na bayan layinsu, aka kafa ginshiƙai, aka rufe tsakar gidan gaba ɗaya da kwano, daga katanga zuwa katanga. Tagogin da ke kallon waje kuwa ya sa aka toshe da bulo.

Ranar da na fara zuwa bayan an gama, da azahar tsaka na shiga, sai da na tsaya ina lalube. Ƙwan lantarki ne ke ci a tsakar gida, wanki rataye yana warin ruma, zafi kamar an kifa wa mutum tukunya.

Na ce, "Sanda, wannan gida ne ko sito?"

Ya ce, "Yaya, abin da na bari a buɗe ya tafi."

"To Mariya fa? Buhun shinkafa ce?"

"Me ta rasa? Komai ina kawo mata."

Gaskiya ne, komai yana kawowa. Cefane, ruwa, gawayi, har zare da allura. Idan zai tafi aiki sai ya ja ƙofar ƙarfen ya sa kwaɗo ta waje, ya jefa makullin a aljihu. Na yi masifa har muryata ta dushe. Na ce in gobara ta tashi fa? Ya ce Allah zai kiyaye. Na juya wurin Mariya ko za ta taya ni, ta sunkuyar da kai kawai. Ita ma tun ɓatan Salim ba a duniyar take ba, ga ta da tsohon ciki, kuma a ranta tana ganin ita ce ta bar yaron ya fita.

A cikin wannan duhun aka haifi Nafisa. Tubarkalla, yarinya kyakkyawa mai manyan idanu, sak ubanta. Sanda ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Biskit, kunun gyaɗa, riguna kala-kala, komai sai ya zaɓo mai kyau. Fitarta ɗaya ce, ranar rigakafi, shi ma a ƙudundune cikin tawul, a ƙarƙashin hijabin uwarta, uban na biye da su kamar dogari. Yarinyar nan ta yi wayo ba ta san mene ne inuwa ba, don ba ta taɓa zama a rana ba.

Sa'anninta suka fara tafiya, Nafisa tana zaune. Muka ce nauyin ƙafa ne, wasu yaran haka suke. Ta shekara biyu tana jan gindi. Kanta kullum sharkaf da gumi, wuyan hannunta ya yi kauri kamar an ɗaura mata awarwaro a ƙarƙashin fata. In ka kama hannunta ka tsayar da ita sai ta tsala ihu, ƙafafun su yi ta rawa. Da na cire mata wando zan yi mata wanka, gabana ya faɗi. Ƙafafun sun lanƙwashe, gwiwa ta yi gabas gwiwa ta yi yamma, kyanwa za ta iya wucewa ta tsakani.

Nan fa kowa ya zama likita. Masu cewa shan inna ne, masu cewa wani ne ya tsallaka ta tana kwance, masu cewa wanda ya ɗauke Salim ne bai gama da gidan ba. Sanda ya bi kowace magana, in dai ba za a fita da yarinyar ba. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi a gidan da hayaƙin ba shi da hanyar fita, duk muka yi ta tari. Ya ɗauko mai ɗori har gida, ya ɗaure ƙafafun da karare da tsumma, yarinya ta yini tana ihu har ta shiɗe. Ni na sa wuƙa na yanke ɗaurin da hannuna. Mariya kuwa ita ma ta fara tafiya tana dafa bango, wai ƙugunta da bayanta ke ciwo.

Rannan na ɗauko jakata na tafi Katabu, na zauna a zaure na ce wa Sanda, "Wallahi tallahi ba zan bar gidan nan ba sai an kai yarinyar nan asibiti. In ka ga dama ka kulle har da ni, mijina ya zo ya same ka."

Ya san ni. Washegari muka shiga Keke Napep, ya rungume Nafisa cikin babbar riga, duk wanda ya kalle mu a hanya sai ya ƙara matse ta.

Likitar yara muka samu, mace, ba ta da yawan magana. Ta taɓa wuyan hannun yarinyar, ta shafa haƙarƙarinta, ta tura mu hoton ƙashi da gwajin jini. Da muka dawo ta dubi Mariya ta ce, "Tana wasa a rana?"

Mariya ta kalli Sanda, Sanda ya kalli ƙasa. Ni kuwa da ba na iya riƙe magana na ce, "Likita, rana ba ta shiga gidansu." Na kwashe komai na faɗa mata.

Ba ta yi masa faɗa ba, da na so ta yi. Ta ce ƙashin Nafisa ne bai yi ƙwari ba, shi ya sa nauyin jikinta ya lanƙwasa shi. Abin da ke ƙarfafa ƙashi yana cikin madara da nono da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙayarsu, amma jiki ba ya iya ɗaukarsa sai da bitamin D. Shi kuma bitamin D, in ji ta, kaɗan ne ake samu a abinci, kamar ƙwai da kifi, mafi yawansa fatar mutum ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Uwar ba ta samu ba tun tana da ciki, saboda haka nononta ma babu, kuma ciwon ƙugun da take yi ɗan'uwan na 'yar ne.

Sanda ya ce, "Za ta yi tafiya?"

"Ƙashin ɗanye ne har yanzu, zai iya miƙewa. In aka bari ta girma a haka, sai dai a yi aiki a karya a gyara. Kuma mace ce, Malam. Ƙugu in ya tsuke tun yanzu, ranar haihuwarta za a ji jiki."

Ta rubuta magani na 'yar da na uwar. Ta ce kullum a fito da su hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, kuma in magani ya ƙare a dawo ta sake dubawa.

Magani kam, Sanda ya ba da shi kamar salla, ba ya wuce lokaci. Ya riƙa kawo ƙwai da madara da busasshen kifi. Ikon Allah, yarinya ta fara sakewa, gumin kan ya ragu, har ta fara kama bango tana miƙewa. Muka yi ta hamdala. Saura hantsi. A nan ne ƙanena ya yi dabararsa ta masu ofis. Ya sake kiran Nazifi, aka cire kwano biyu a tsakiyar rufin, aka maye su da farin kwanon roba, irin wanda ake sawa a rumfunan kasuwa don haske ya shigo. Da na je ya tare ni da murna, rabon da in ga haƙoransa har na manta.

"Yaya, zo ki gani. Ga rana har cikin gida, kuma babu ta inda mutum zai shigo."

Haske kam ya shigo, fari tas a kan siminti, ga Nafisa a zaune a ciki tana wasa da murfin kwano. Wa zai ce ba rana ba ce? Da magani ya ƙare na ce a koma asibiti kamar yadda aka ce. Ya ce me za a je yi, ai yanzu tana shan hantsinta kullum. Na yi magana, na sake yi, ya ce to, to, sai wani satin. Damina ta zo ta wuce ana wani satin.

A hankali yarinyar ta daina miƙewa. Ta koma jan gindi, ta koma kuka in an taɓa ta.

Wata Talata da safe ina tsaka da wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Mariya ce, ba na ma gane abin da take faɗa sai ihu. "Yaya, Nafisa! Tana jijjiga, idonta ya kafe, hannunta ya sanƙare! Yaya, ƙofa a kulle take!"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce ta kira Sanda, ta ce ta kira ba ya shiga, cikin siton nan nasu waya ba ta kamawa. Ban san yadda na fita ba, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na mijina. Na tari mai mashin na ce Katabu, ka yi gudu ko ka kashe ni. Duk hanyar ina kiran Sanda, ina tsine wa kwaɗo da wanda ya ƙera shi.

Na tarar da layin cike da mutane. Maza na dukan ƙofar da taɓarya da duwatsu, Nazifi na ta bugun kwaɗon da guduma, gumi na zuba. Ƙofar ko gezau. Sanda ya sayi wadda ɓarawo ba zai iya da ita ba, to ga shi mu ma ba mu iya ba. Ta ciki kuwa muryar Mariya ce, tana dukan ƙarfen da tafin hannu. "Ta saki, ta sake kamawa! Ku taimake ni, numfashinta na sarƙewa! Wayyo Allah, kar in rasa wannan ma!"

Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. 'Yar ƙanena tana mutuwa taku kaɗan daga inda nake tsaye, ba abin da ya raba mu sai ƙarfe. Na cakumi rigar Nazifi na ce, "Kai ka rufe gidan nan, kai za ka buɗe shi! Hau sama!"

Aka kawo tsani. Ya jefa buhu a kan wayar ƙayar ya haye, duk da haka sai da ta yage masa hannu. Muna jin sa yana ɓamɓare ƙusoshin da ya buga da kansa, ƙiii, ƙiii, har kwano ɗaya ya ɗago ya wurgo shi ƙasa. Aka miƙa masa wani tsanin ya zura ciki. Can sai ga shi ya fito da Nafisa a kafaɗa, laƙwas, kanta na lilo, rana na dukanta. Mariya ta biyo baya, macen da ke dafa bango kafin ta yi tafiya, ta hau tsani ta sauko wani, babu takalmi babu mayafi. Wani maƙwabci ya sa mu a motarsa.

A asibiti aka karɓe ta da gudu, aka sa mata ruwa da allura. Sai wajen azahar Sanda ya iso, wani ya je har ofis ya faɗa masa. Ya shigo yana haki, makullan na kacau-kacau a aljihu. Na tanadi maganganu tun daga Badarawa, na ce yau sai na wanke shi tas a gaban jama'a. Da na ga fuskarsa sai na kasa.

Likitar nan ce dai. Ta ce abin da ke ƙarfafa ƙashin ne ya yi ƙasa sosai a jinin yarinyar har ya jawo jijjiga, kuma da an ƙara jinkiri maƙogwaronta zai iya shaƙewa. Ta tambaya me ya hana a dawo. Sanda ya yi mata bayanin kwanon roba, yana yi yana kwatantawa da hannu, har lokacin bai ga inda ya kuskure ba.

Ta girgiza kai. "Malam, roba da gilashi haske kawai suke bari ya wuce. Abin da fata ke buƙata a cikin ranar, suna tare shi. Sai rana ta taɓa jikinta, babu komai a tsakani."

Ya zame ya zauna a ƙasan barandar asibitin, mutum da furfurarsa, ya rufe fuska da hula. Na zauna kusa da shi. Ya ce, "Yaya, ya zan yi? In na buɗe a ɗauke ta, in na rufe ta mutu. Ki faɗa mini ya zan yi."

Na riƙe hannunsa kawai kamar lokacin da nake kai shi makarantar allo.

Da aka sallamo su, kafar da Nazifi ya buɗe tana nan. Sanda ya sayo sabon kwano ya jingina da bango a zaure. Duk zuwan da zan yi, shi nake fara dubawa, gabana na faɗuwa. Har yau yana nan a jingine, bai buga ba, bai kuma mayar ba. Kwaɗon ƙofa ya mayar da shi ta ciki, ya ba Mariya makulli guda, kuma na san a ofis ba ya minti goma bai fito daga siton ya kira ta ba.

Kullum da hantsi rana na saukowa ta kafar nan, faɗin tabarma ɗaya. Mariya ta zauna a ciki da Nafisa, in ranar ta matsa su ja tabarmar su bi ta. Ran Asabar da Lahadi Sanda ke zama da yarinyar, yana shafa mata ƙafa, idonsa a sama yana gadin kafar. An koma kan magani, ana komawa asibiti. Ƙafar dama ta fara miƙewa. Ta hagu har yanzu a lanƙwashe take, likita ta ce sai an ƙara gani, ba ta yi mana alkawarin za a tsira daga aiki ba.

Asabar ɗin da ta wuce ina can. Mariya ta buɗe ƙofar gida don mai ruwa ya shigo da jarkoki, ta bar ta a buɗe kafin ya dawo da sauran. Yara na ta wasa a layi, ana jiyo su. Nafisa na kan tabarma kusa da ubanta. Sai ta dafa gwiwarsa ta miƙe, ta saki. Taku ɗaya, ta yi tangaɗi, ta ƙara wani, tana jan ta hagun, ta nufi zaure inda hayaniyar yaran ke shigowa. Tafiyarta ta farko ke nan a duniya. Na toshe bakina don kar guɗa ta kufce mini ta firgita.

Sanda ya zabura, ya ɗaga murya da ƙarfi, "Salim! Dawo!"

Mariya ta jingina da bango, hawaye na zuba. Shi ma ya ji sunan da ya kira. Ya koma ya zauna a hankali, ya damƙe bakin tabarmar da hannu biyu har jijiyoyinsa suka fito. Nafisa ta waiwayo ta yi masa dariya, ta ci gaba da tafiyarta. Bai tashi ba. Ni na bi bayanta zuwa ƙofar.